Ƙwayar Da Ke Cin Ƙashi A Ɓoye

Yau maganarmu a kan wata ƙwaya ce da ake samu a shagunan magani na Kakuri, da Barnawa, da Sabon Tasha, watau prednisolone da 'yar'uwarta dexamethasone. Dangin kotizon ne, wanda likitocin Amirka suka fara ba mai ciwon gaɓoɓi cikin 1948. Magani ne na gaske. Likita yakan ba mai asma ko mai ciwon ƙoda, gama yana kwantar da kumburi, yana rage ƙarfin garkuwar jiki sa'ad da ta juya tana yaƙi da mai ita.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙashinka ba dutse ba ne. Kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, kamar yaɓen katanga bayan damina. Ƙwayar nan tana hana magina aiki, masu rushewa kuwa ba su fasa ba. In ka yi wata 3 ko fiye kana sha, ƙashi ya soma zama kamar azarar da gara ta ci. Ba ka jin kome, sai ran da ka sunkuya ɗaukar buhu ƙashin baya ya karye.

Ke kuma yarinya mai sha don ƙiba, wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Fuska da ciki su cika, ƙafafu su rame.

Akwai maganar haƙori kuma. Wayar da likita ke ɗaura wa yaro don daidaita haƙoransa da ƙashin muƙamuƙi take aiki: ƙashi ya narke a gaban haƙori, sabo ya cike bayansa. In sabon bai ginu sosai ba, haƙori yana iya komawa inda ya fito. Dasashi ma yakan kamu da ciwo da sauri. Saboda haka kafin a sa waya ko a cire haƙori, ka nuna wa likita kwalin maganin.

In ka daɗe kana sha, kada ka bari rana ɗaya, gama jiki na iya sanƙamewa da kasala da amai, har rai ya salwanta. Je ka Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, likita ya rage maka kaɗan-kaɗan. Ka riƙa shan nono, da miyar kuka ko zogale, da ƙananan kifi har ƙayarsu, ka yi tafiya a ƙasa, ka sha hantsi.