Tawadar Tsangaya da Ganyen Bagaruwa

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo a ƙasar Ringim ya san asalin tawada ba kanti ba ne. Gawayi ake dakawa ya yi laushi, a jiƙa shi da ƙaro, a tace, a ɗura a kurtu, sannan a feƙe alƙalamin gamba. Wannan ita ce ta allo, wadda ruwa ke wankewa. Akwai kuma mai kama takarda: a jiƙa 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jima da su, tare da guntun ƙarfe mai tsatsa. Tana sauka a takarda dishi-dishi, sai ta sha iska ta yi baƙi ƙirin.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, hannun da ya gwanance da zayyanar allon sauka da wuya ya taɓa zana itacen da ya ba shi tawadar. Iyaye da yawa da jin kalmar zane sai gabansu ya faɗi, kuma tsoron yana da tushe. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar sura ya nemi fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya tsoratar da shi game da suranta mai rai, sannan ya nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ƙofa a buɗe take, mu ne muka ƙi shiga.

Mu gwada da reshen bagaruwa guda. Yaron da zai rantse ya san itacen, sai ya zo zanawa zai gane ƙayoyin bibbiyu suke fitowa, ƙananan ganyen suna jere suna fuskantar juna, kwanson 'ya'yan kuma yana da ƙugu tsakanin ƙwaya da ƙwaya tamkar carbi. Bakin alƙalami ya isa ga ƙaya. Inuwa kuwa sai an sirka tawadar da ruwa, a shafa da tattaunannen aswaki. In aka fara jiƙa takardar, tawadar za ta malala inda ta ga dama; zanen farko yakan lalace, kuma ba laifi, a nan ake koyon hannu. Ƙaro in ya yi yawa zanen ya yi ƙyalli ya tsattsage, in ya yi kaɗan ya bi yatsa. Ganyen dabinon Dutse ya fi wuya, domin kowane layi ja ɗaya yake so, ba ya karɓar gyara.

Sai dai a kiyaye abu biyu. A ware wa zane takardarsa, kada ya hau allon karatu. Tawadar ƙarfe kuma a ba ta kurtunta daban, kada ta gauraya da wadda ake rubutun sha da ita.