Sitiyarin da Ya Manta Tsakiyarsa

Yau shirin namu na gyaran sitiyari ne, amma kada ku nemi bakanike. Wannan sitiyarin a gefen tebur ake ɗaure shi, totur da birki da kuloci suna ƙasa, titin kuma yana cikin allon kwamfuta.

Kafin wani ya ce ai wasan yara ne, ga Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya. A 2011 ya lashe gasar GT Academy da kamfanonin Nissan da Sony suka shirya wa masu wasan Gran Turismo, a 2013 kuma sai ga shi a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, cikin motar gaske, ya zo na uku a rukuninsa.

To, mu koma kan tebur. Kamfanin Logitech na Suwizalan ya fitar da sitiyarin G25 a 2006, G27 a 2009, sai G29 a 2015. Biyun farko an daina yin su tuntuni, amma masu su sun ƙi rabuwa da su, kuma ban ga laifinsu ba. Sitiyari ne mai rufin fata, yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi, a cikinsa akwai ƙananan injuna biyu masu fizgar hannunka in taya ta hau tsakuwa. Sai dai tsufa ba ya barin kowa.

Ga abin da ya ɗauki hankalina. Duk lokacin da aka jona shi, sitiyarin yakan juya da kansa, ya tafi ƙarshen wannan gefe, ya dawo ƙarshen wancan, sannan ya tsaya a tsakiya. Auna kansa yake yi. Wata rana kuwa sai ya juya, ya daki ƙarshe, ya tsaya a karkace. Ko kuma ya fara lafiya, ana cikin tsere tsakiyar ta riƙa gocewa, ka riƙe shi sak amma mota na neman bango.

Na zauna kusa da wani mai gyara lokacin da ya buɗe irin wannan. Na zaci zan ga waya ta ƙone. Ina! Sai ya nuna mini wani ɗan faifan roba baƙi a bayan ɗaya daga cikin injunan, bai kai girman murfin kwalba ba. Gefensa tsaga-tsaga ne. Haske na ratsa tsagogin, wani ɗan ido na lantarki yana ƙirgawa, da wannan ƙirgen na'urar ke sanin inda hannunka ya kai. Ya ɗaga shi sama ya ce, “Malam, duba nan.” Wata 'yar fashewa ce siririya kamar gashi, ta taso daga ramin tsakiya. Zafin injin ya gasa robar shekara da shekaru har ta dare, sai faifan ya koma yana sulɓi a kan sandar. Inji na juyawa, faifai na santsi, lissafi ya rikice. 'Yar fashewa kamar gashi, ita ta kwantar da sitiyari sukutum.

Wasu suna ɗiga masa gam su mayar. Yana yi, na ɗan lokaci. Ni dai ban cika yarda da gam a inda ake zafi ba. Masu son hutawa sukan sayi faifan tagulla, wanda ba ya fashewa. Amma ku ji da kyau: ku ƙirga tsagogin kafin ku saya. G25 da G27 na farko-farko tsaga 60 gare su, G27 na baya kuma 30. Ku ƙirga, na sake faɗa, 60 ko 30. In ka sa wanda ba nasa ba, sitiyarin ba zai auna kansa daidai ba. A G29 ma kamfanin ya bar wannan dabarar, ya koma aunawa da maganaɗisu.

Sai feda. In totur ya fara rawa shi kaɗai, ko ka take shi har ƙasa bai cika ba, yawanci datti ne. Kowace feda tana da wani ɗan abu irin maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo, wanda in ya yi ƙura kuke jin ƙarar ƙas-ƙas. Cuta ɗaya ce. A fesa masa ruwan wanke kayan lantarki, a tattaka fedar sau da yawa, a bari ya bushe. Mu da ke shan ƙurar hunturu kuwa, a riƙa rufe shi da zane.

Ana yi mini alamar lokaci, don haka a gurguje. Haƙoran giyar ciki na roba ne, a shafa musu giris na silikon kaɗan, kada a kusance su da baƙin mai. A cire wuta kafin a kwance komai. Kafin ka zare kowace waya, ɗauki hotonta da wayarka. Sukurori kuma a zuba su a murfi, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Maganar sandar canja giya sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.