ƘARYA: ITACIYAR DUWATSU DA AKA YI WA ƘAZAFI

Daga Wakilinmu

DUK wanda ya ratsa garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe, yawancin itatuwa kuma suka kaɗe, zai yiwu idonsa ya faɗa kan wata gajeriyar itaciya mai kumburarren gindi, ba ganye a jikinta ko ɗaya, amma ta cika maƙil da furanni masu launin ja-ja. Wannan ita ce ƙarya, wadda wasu ke kira ƙariya. Hausawa kan ce, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Karin maganar ya dace da halin maƙaryaci, amma ita itaciyar an yi mata ƙazafi, gama tana 'ya'ya sarai. Abin tambaya shi ne, me ya sa ba mu cika ganinsu ba?

Masanan tsirrai suna kiranta Adenium obesum. Wani masani mutumin Suwidin, Peter Forsskal, shi ya bayyana ta daga ƙasar Yaman, inda ya mutu cikin 1763, aka buga bayanin nasa cikin 1775. A 1819 ne aka raɗa wa jinsinta suna Adenium, daga sunan birnin Adan. Danginta ɗaya da tumfafiya da ƙwanƙwani. A nan Arewa kuwa, Likita J. M. Dalziel ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, wanda aka buga cikin 1916.

Tsayinta yakan kama daga ƙafa 3 zuwa 10. Gindin nan nata mai kama da tulu rumbu ne na ruwa, shi ke riƙe ta tun daga ɗaukewar damina har faɗuwar wata. Ganyenta masu kauri ne da sheƙi, tsawonsu inci 2 zuwa 6, suna taruwa a kan rassa. Da rani ya kama sai ta zubar da su don kada ruwan jikinta ya tsere ta cikinsu, sa'an nan ta fid da fure mai siffar kakaki, mai leɓe 5, faɗinsa wajen inci 2.

Mazauninta na asali shi ne gangaren duwatsu da fako da ƙasa mai tsakuwa, watau inda ruwa ba ya kwanciya, domin yawan laima yakan ruɓar da saiwarta. Ana samunta tun daga Senegal, ta ratso Nijar da Arewacin Nijeriya, har Sudan da Habasha da Kenya da ƙasar Larabawa, a wasu wuraren tana hawa tsaunuka har kusan ƙafa 7,000. A tsibirin Sokotra akwai 'yar'uwarta wadda gindinta kan fi ƙarfin rungumar mutum guda.

To, ga amsar tambayarmu. Galibin ƙaryar da ke cikin gari ba daga iri aka shuka ta ba, reshe ake sara a kafa. Saboda haka sai a tarar itatuwan unguwa guda duk jikin uwa ɗaya ne. Ita kuwa sau da yawa ba ta ƙulla ɗa sai ƙwari sun kawo mata garin fure daga wata itaciyar dabam. Amma a kan dutse, inda kowace ta tsiro daga ƙwayarta, takan fid da 'ya'ya biyu-biyu masu kama da ƙahonin akuya. In sun bushe sai su tsage, iri ya fito da gashi kamar na rimi a kowane gefe, iska ta kwashe shi. Wadda ta tsiro daga iri ita ce ke yin babban gindin nan. Ta reshe ba ta cika yinsa sosai ba.

Kyaun furenta kada ya ruɗi kowa. Ruwan jikinta yana ɗauke da dafi mai taɓa bugun zuciya, shi ya sa maharba a sassa da yawa na Afirka suka daɗe suna shafa shi a kan kibiya, masunta kuma suna zuba shi a ruwa don kama kifi. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ruwan ɓawonta a kan tarwaɗa, sun tabbatar da illarsa. Don haka wajibi ne a hana yara wasa da rassanta, mai sha'awar maganin gargajiya kuma ya guji jiƙa ta ya sha.

A yau masu lambuna a ƙasashe irin su Tailan da Taiwan suna tagwaita irinta, suna fid da launuka iri-iri, suna sayarwa ko'ina a duniya. Mu kuwa da Allah Ya ba mu ita a banza, fasa duwatsu don tsakuwar gini yana cinye mazauninta a hankali. In ta dutse ta ƙare, ta gari ce kaɗai za ta rage, a nan ne karin maganar zai zama gaskiya.

Muna kira ga ma'aikatan gandun daji na ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su lura da duwatsun da take tsirowa, a keɓe wasu kafin a ba da iznin fasa su. Malaman kimiyya kuma su fita da ɗalibansu su tattaro irin, a shuka a lambun makaranta, a killace. Ta haka yaranmu za su ga 'ya'yan ƙarya da idonsu.