Asibiti Ba Likita Kaɗai Yake Nema Ba

A duk makarantar sakandare da ke Anka ko Gummi ko Bukkuyum, idan aka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son zama, amsar kusan ɗaya ce: likita. Buri ne mai kyau, babu mai kushe shi. Matsalar tana zuwa ne ranar da sakamakon JAMB ya fito, makin bai kai ba. Sai yaro ya naɗe takardunsa ya jefa ƙarƙashin katifa, ya koma kasuwa ko ramin zinariya, yarinya kuma a fara maganar kayan ɗaki. A ganinsu ƙofar aikin lafiya guda ce, tunda ta rufe shi ke nan. Wannan fahimta tana jawo wa yammacin Zamfara hasarar da ba ta da dalili, kuma babu inda ya fi dacewa a gane haka kamar waɗannan ƙananan hukumomi, domin a gaban idon mutanensu aka yi abin da ya ƙaryata ta.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau sai suka riski ƙauyukan da yara ke mutuwa babu ƙaƙƙautawa. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, kwana ɗaya ko biyu a kai shi makwanci. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka gwada jinin yaran sannan aka gane gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida, a niƙa da injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Binciken da aka yi a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 400 suka mutu a yankin baki ɗaya, ban da dubban da gubar ta shiga jininsu.

To, wa ya tsayar da wannan annoba? Likitoci sun yi nasu, ba a musu. Amma likita bai san abin da yake yaƙa ba sai da mai gwajin jini ya faɗa masa. Maganin da ke wanke dalma daga jiki ana shan sa ne makonni a jere, a kan lokaci, don haka nas ce ke tsaye kan yaron dare da rana, mai kula da magunguna kuma yana lissafin ƙwayoyi gwargwadon nauyin kowane yaro. Abin da ya fi wannan ma, duk maganin banza ne idan yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba. Dole aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa ana kwashewa, ana zuba sabuwa, aikin da yake na masu kula da tsaftar muhalli ne, waɗanda kakanninmu ke kira duba-gari. A Bagega, inda kuɗin wannan aiki bai fito ba sai 2013, yara sun yi shekaru suna jiran magani alhali ga likitocin a kusa, saboda ba a share ƙasar ba. Sannan akwai mai zama da maigida a zaure, da mai shiga cikin gida wajen matan kulle, su fahimtar da su cewa dutsen da ke kawo kuɗi shi ne ke kashe 'ya'yansu. Wannan magana ba ta karɓuwa daga bakin baƙo. Ɗan gari ne kaɗai zai faɗe ta a saurara.

MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jihar a 2022, haƙar zinariya kuwa ba ta tsaya ba. Ga tamowa a tsakanin yaran da rikicin 'yan bindiga ya raba da gonakin iyayensu, ga amai da gudawa duk damina, ga irin ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agusta na 2024. Ga kuma babbar matsalar da ba ta shiga labarai saboda an saba da ita: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Zamfara kusan mace ɗaya cikin goma ce ke haihuwa a asibiti. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu kowa ya san shi. Magidanci da dama ba zai bar namiji ya karɓi haihuwar matarsa ba, ita ma ba za ta so ba, asibitin ƙauyen kuma babu mace ko ɗaya. Sai a zauna gida ana jiƙe-jiƙe, har naƙuda ta yi tsawo ko jini ya ɓalle, lokacin da za a nemo mota zuwa babban asibitin Gummi ko na Anka an makara. Wannan giɓi ungozoma mai ilimi ce ke cike shi, ba sai an jira ƙwararren likitan mata ya yarda ya baro Sakkwato ba.

Hanyoyin shiga kuwa suna nan, ba su kuma yi nisa ba. Karatun likita shekara 6 ne a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, sai shekarar sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Wanda Allah ya ba iko ya bi, ana bukatarsa. Amma a Gusau akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, a Tsafe kuma akwai kwalejin kimiyyar lafiya, inda ake horar da jami'an lafiyar al'umma, da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje, da masu tsaftar muhalli da makamantansu, mafi yawa cikin shekara 2 zuwa 3. Jami'in lafiyar al'umma shi ne wanda mutanen ƙauye ke kira malamin asibiti, kuma a gaskiya shi ne likitan da yawancinsu za su taɓa gani: shi ke rigakafi, shi ke awon ciki, shi ke gane cewa wannan zazzaɓin ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Mabuɗin duk waɗannan ƙofofi ɗaya ne, wato kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Ɗalibin da ke aji huɗu yau ya san cewa waɗannan biyar ɗin su ne jarinsa. A nan kuma sai an yi hattara, domin makarantun kuɗi sun yi yawa. Kafin uba ya sayar da buhun gero ko ɗan bijiminsa ya biya rajista, ya tabbatar hukumar da ke ba da lasisin wannan fanni ta amince da makarantar, in ba haka ba yaro zai gama da takardar da ko ƙosai ba za a naɗe da ita ba.

Wani zai ce wannan ai karya wa yara gwiwa ne, ana nuna musu ƙaramin abu alhali suna hangen babba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin an daɗe ana raina ƙwaƙwalwar ɗan karkara, kuma babu wanda ke son a ce ɗan Bukkuyum iyakarsa ke nan. Sai dai wanda ya san tsarin ya san tsani ne. Nas mai lasisi tana iya ci gaba ta yi digiri, har ta buɗaɗɗiyar jami'a tana aiki tana karatu, ko ta ƙware a aikin tiyata ko kula da jarirai. Jami'in lafiyar al'umma yana da babbar difloma a gabansa. Mai aikin gwaje-gwaje yana iya komawa jami'a. Zaɓin da ke gaban yawancin yaranmu ba tsakanin zama likita da zama nas ba ne, tsakanin hawa matakin farko ne da zaman jiran JAMB shekara huɗu har zuciya ta mutu. Da hanau gara mannau. Wanda ya fara karɓar albashi yana ɗan shekara 22 ya fi iya ɗaukar nauyin karatunsa na gaba a kan wanda har yanzu ke roƙon kuɗin kati.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: albashin bai taka kara ya karya ba, ɗaukar aiki sai da hanya, ga rashin tsaro, har ma'aikatan lafiya ba su tsira daga masu garkuwa ba. Duk gaskiya ne, kuma laifin yana wuyan gwamnati, babu amfanin a shafa masa mai. Asibitin da babu katanga, babu ruwa, babu gidan ma'aikata, ba a yi wa kowa adalci ba idan aka tura shi can. Amma a duba ta ɗaya gefen. Wannan rashin tsaro shi ne ya sa ma'aikacin da aka turo daga nesa ke neman canjin wuri tun kafin ya sauke jakarsa. Wanda iyayensa ke Daki Takwas ko Nasarawar Burkullu shi ne ke zama, domin can ne gidansu, ya san hanya, ya san mutane. Ke nan ko mutanen yankin su horar da nasu, ko su zauna babu kowa. Ta fuskar samu kuma, lasisin aikin lafiya yana cikin takardu ƙalilan da har yanzu ake nema a ko'ina, a asibitin gwamnati, a na kuɗi, a ƙungiyoyin agaji, a Kebbi ko Sakkwato ko Kano. Ba a yin arzikin dare ɗaya da shi. Ramin zinariya ne ke wannan alkawari, mutanen Anka kuwa sun ga yadda yake cika shi.

Saura batun 'ya'ya mata, inda aka fi jin cewa karatun zai hana aure ko ya ɓata tarbiyya. An riga an gwada, an ga sakamako. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Arewa da suka haɗa da Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa da Yobe, inda al'umma da kanta ke zaɓo 'yan mata da matan aure daga karkara, a ba su shekarar share fage su gyara kiredit ɗinsu, sannan su shiga makarantun jinya da ungozoma bisa sharaɗin su dawo su yi wa garinsu aiki. Matan aure sun yi karatun da goyo a bayansu, mazajensu suna sane, malamai da hakimai suna goyon baya. Abin da ya sa malaman suka yarda ba sabuwar fatawa ba ce. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan da idan al'umma duka ta bari kowa ya yi laifi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma da hannunsa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basir. Mutumin da ya ƙi namiji ya duba matarsa, ya kuma ƙi 'yarsa ta koyi aikin, yana jiran 'yar wa ke nan?

Gaskiya ne makarantun yankin sun sha wahala. An rufe na kwana bayan sace ɗalibai a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, wasu ɗalibai kuma sun gama sakandare ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Wannan ne ya sa nauyin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da 'yan kasuwa, da masu riƙe da muƙamai daga Anka, Gummi da Bukkuyum suna iya ɗaukar malamin kemistiri guda su biya shi ya yi wa 'yan aji shida darasin yamma, kuɗin bai kai na walimar siyasa ɗaya ba. Kai kuma ɗalibi, ke kuma ɗaliba, kafin a fara sayar da fom na bana, ku je asibitin garinku ku zauna da nas, da mai gwajin jini, da malamin rigakafi, ku tambaye su inda suka yi karatu, shekara nawa, da nawa suka kashe. Ku kai wa iyayenku amsar a rubuce.