Bidiyon Bijimi Ya Isa Legas, Kira Ya Maƙale a Birnin Gwari

Yau shirin ya leƙa karar shanu ta Birnin Gwari, wadda Gwamna Uba Sani ya sake buɗewa a watan Nuwamban 2024, bayan ta shafe shekaru a rufe saboda 'yan bindiga.

Ga dillali da waya a hannu, ga bijimi a gabansa, mai saye kuwa yana Legas. Ya buga masa kiran bidiyo ta WhatsApp, hoto ya daskare, murya ta kakkarye. "Alhaji, kana ji na? Kana ji na?" Shiru. Sai ya katse, ya ɗauki bijimin a bidiyo, ya haɗa da saƙon murya, ya tura. Bayan 'yan mintoci ga shi a Legas, har ƙaho da tozo, babu abin da ya ragu.

Waya ɗaya ce fa, sabis ɗin ma ɗaya. To me ya bambanta?

Intanet gutsuttsura murya da hoto yake yi, ya aika su ƙunshi-ƙunshi. A saƙon murya, in wani ƙunshi ya ɓace a hanya, sai a sake turo shi, wayar ta jira har su cika. Kira kuwa ba ya jira. Ƙunshin da ya makara, ko ya iso, ya tashi a banza. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin murya daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na sakan. Kashi ɗaya cikin bakwai! Da ya haura 400, sai ka ji mutum biyu suna ta katse wa juna zance, kowa na zaton ɗan'uwansa ya yi shiru.

Na'urar POS kuma tata buƙatar daban ce. Bayanan da take aikawa ƙalilan ne, za ta jure jinkiri, amma lamba ɗaya ba za ta kuskure ba.

Mutanen yankin Birnin Gwari sun ga abin da ya fi tsinkewar kira. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i, gwamnan lokacin, ta sa aka toshe layukan sadarwa don matsa wa 'yan bindigar dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Kira, saƙo, tura kuɗi, duk suka tsaya.

Lokaci ya ƙure mana. Batun turakun sabis da man dizal ɗinsu, sai a shiri na gaba.