Kwanon Maƙwabci: Kayan Zaƙi Huɗu Da Muke Iya Yi Da Hannunmu Don Sallah

  Mu ne ɗalibai mata na aji shida, kuma abin da muka zaɓa mu rubuta a littafin bana shi ne kayan zaƙin da ake kai wa maƙwabta ranar Sallah.

Ga abin da ya jawo. Da muka dawo hutun ƙaramar Sallah, malamarmu ta Hadisi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya: "Gida nawa kwanonku ya shiga a layinku?" Aji ya yi tsit. Ashe da yawanmu an aike mu da abinci gidan kakanni da gwaggonni can wata unguwa, har da biyan kuɗin kabu-kabu, amma gidan da katanga ɗaya ta raba mu da shi ba mu leƙa ba. Wata ta ce Innarta ta ce bana ba a yi alkaki ba, ba a yi dublan ba saboda tsadar kaya, kuma kunya take ji ta aika da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wata kuma ta tuna da wata tsohuwa a ƙarshen lungunsu, ita kaɗai da jikanta, har Sallah ta wuce ba ta ga an shiga gidan da komi ba.

Malama ba ta yi mana faɗa ba, tuni kawai ta yi mana da abin da muka riga muka karanta. A Suratun Nisa'i, aya ta 36, an ambaci maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka umurce mu da kyautata musu. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, an gargaɗi mata musulmi kada ɗaya ta raina abin da za ta bai wa maƙwabciyarta, ko da ƙofaton akuya ne. Ke nan hujjar "abin ya yi kaɗan" ta faɗi. Daga nan muka haɗa dala ashirin-ashirin, muka sayi kaya, muka dinga gwaji a gidajenmu, har muka tsayar da abubuwa huɗu da kowace ɗaliba za ta iya yi cikin awa ɗaya ko biyu.

Me ya sa ba alkaki ba?

Alkaki da nakiya da dublan su ne manya a farantin Sallah, ba mu raina su ba. Sai dai kowannensu aiki ne ja. Alkaki sai an ɓarza alkama an kwaɓa, an bar ta ta kwana ta yi tsami, sannan a naɗa, a soya, a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Nakiya sai an wanke shinkafa, an shanya, an soya, an niƙa, an yi ta daka. Dublan ɗaya-ɗaya ake naɗa shi, ga shan mai. A goman ƙarshe na azumi iyayenmu mata ga girkin buɗa-baki, ga sahur, ga tsayuwar dare. To mu da muke hutu, me zai hana mu ɗauke musu wannan?

Kuma Allah ya hore mana kayan a kusa. Riɗi da gyaɗa da aya duk ana noma su a nan jihar Maraɗi, hasali ma jiharmu ce kan gaba wajen noman aya a Nijar. Sukari da madarar gari kuwa akwai su wurin mai tebur na kowane layi. Ma'auninmu gwangwanin madarar ruwa ne da aka wanke. Wadda ba ta da shi ta ɗauki kofi, in dai da abu ɗaya za ta auna komi.

Na ɗaya: kantun riɗi

Riɗi gwangwani 2, sukari gwangwani 1, rabin lemun tsami. A zuba riɗin a ruwa a rairaye shi sosai, don yashi ƙasa yake kwantawa, kuma babu abin da ke ɓata kantu kamar ƙasa-ƙasa a haƙori. A tsane a shanya ya bushe. A soya shi a busasshiyar tukunya da wuta kaɗan, ana juyawa, har ya fara tsalle yana ƙamshi, sai a juye a faranti.

A shafa mai a tire da jikin kwalba a ajiye kusa tun kafin a ɗora sukari, don daga nan babu tsayawa. A zuba sukarin a tukunya da cokali 2 na ruwa, a matsa lemun tsamin. Amfanin lemun shi ne yana hana sukari komawa tsaba-tsaba bayan ya narke. Da ya yi launin zuma sai a zuba riɗin, a juya da sauri, a juye a tire, a murza da kwalba ya baje. A yanka tun da ɗuminsa. In ya huce ya sandare, wuƙa ba ta cin sa, sai dai ya farfashe. Mu ma haka ta same mu a gwajin farko, muka tsaya hira, sai da taɓarya muka fasa shi.

Haka ake kantun gyaɗa: a soya gyaɗa, a murje ɓawon, a sheƙe, a ɗan ɓarza ta a turmi, sauran duk ɗaya ne.

Na biyu: tuwon madara

Madarar gari gwangwani 3, sukari gwangwani 1, ruwa rabin gwangwani. A dafa sukari da ruwa har ya yi danƙo. Ga yadda ake ganewa: a ɗiga kaɗan a bayan cokali, a bari ya sha iska, a taɓa da yatsu biyu. In an buɗe yatsun ya ja zare, ya yi. A rage wuta ƙwarai, ko a sauke tukunyar gaba ɗaya, a riƙa zuba madara kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya kamar tuwo har ya haɗe. A juye a tire mai mai, a murza, a yanka yadda ake so. In ruwan sukarin bai ja zare ba tuwon zai yi caɓal ya ƙi kamewa. In ya wuce kuma, sai ya bushe yana marmashewa.

Na uku: gullisuwa

Madarar gari gwangwani 2, sukari rabin gwangwani. A haɗa su, a yayyafa ruwa da cokali, ba da kofi ba, ana murzawa har ya zama ƙullu mai tauri. A mulmula ƙanana kamar ƴaƴan carbi. A soya a mai mai matsakaicin zafi, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Madara saurin ƙonewa gare ta, in man ya yi zafi da yawa waje zai yi baƙi alhali ciki ɗanye ne. Da ta yi ja a kwashe, za ta ƙara tauri in ta huce.

Na huɗu: dakuwar aya

Busasshiyar aya gwangwani 2, gyaɗa gwangwani 1, sukari rabin gwangwani, citta, kanumfari, gishiri ɗan kaɗan, da barkono ga mai so. A wanke aya a tsince tsakuwa, a shanya, a soya sama-sama. A daka ta a tankaɗe, ko a kai inji in yana kusa. A soya gyaɗar ita ma a cire ɓawo. Sai a haɗa duka a turmi a yi ta kirɓawa. Man gyaɗar ne ke fitowa ya haɗe garin, shi ya sa ba a sa mata ruwa ko ɗigo. In ta ƙi kamawa a ƙara cokali ɗaya na man gyaɗa. A dunƙula da hannu mai tsabta.

A kula da waɗannan

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, sukari kuwa ba ya yin ja sai ya kai wajen 160, ga shi in ya zuba a fata mannewa yake. Don Allah kada a ɗora shi sai da babba a kusa, kuma a kori ƙanne daga bakin murhu. In tsautsayi ya faru a sa wurin cikin ruwan sanyi ya daɗe, a kira manya.

A azumi mun fi son yin aikin bayan sallar asham, gari ya yi sanyi, kuma ana iya ɗanɗanawa. Kantu da gullisuwa suna jure ajiya in an rufe su ruf a busasshen mazubi, ana iya yin su kwana uku kafin Sallah. Amma sukari yana jan laima, in damina ce kantu a buɗe saki yake ya yi yauƙi. Tuwon madara kuwa a bar shi sai daren Sallah.

Wa za a fara kai wa?

Nana A'isha (R.A.) ta tambayi Annabi (S.A.W.) wanne za ta bai wa kyauta cikin maƙwabtanta biyu, aka nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa da tata. Buhari ne ya ruwaito. Don haka daga ƙofar da ke jikin tamu ake farawa, ko ana ɗasawa da su ko ba a yi. Maƙwabcin da ba musulmi ba ma yana ciki. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo cewa Abdullahi ɗan Amru (R.A.), da aka yanka akuya a gidansa, sai da ya tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude.

A duba kuma wanda za a bai wa. Tsohon da haƙoransa suka zube, tuwon madara ya fi masa kantu. Mai ciwon sukari a kai masa soyayyar gyaɗa zalla, ko a ce na yara ne. Sannan ga wata dabara da wata kakarmu ta koya mana. A al'adarmu kwano ba ya komawa wayam, to gidan da aka san ba su da abin mayarwa, kwanon nan nauyi yake zame musu. Irin wannan gida a ƙulla musu a leda mai tsabta, a yi sallama, a durƙusa a ce, "Inna, barka da Sallah, in ji Mamanmu," a juyo. Kuma kada a ɗauka wannan ya maye gurbin zakkar fidda-kai. Ita wajibi ce, ana fitar da ita kafin a tafi idi.

Da babbar Sallah muka gwada, kowa ta kai gida biyar mafi kusa da nasu. Ƴar ajinmu ta shiga wurin tsohuwar nan ta ƙarshen lungu da tuwon madara da ɗan nama. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta tambaye ta ƴar gidan wa ce, alhali gida huɗu ne tsakaninsu. Yanzu duk ranar Juma'a jikan yana zuwa gidansu cin abincin rana.

Ƴan uwanmu ɗalibai, maza da mata, kafin Sallah mai zuwa kowa ya ƙirga ƙofofin layinsu, ya zaɓi ɗaya cikin huɗun nan ya gwada tun da wuri. Inda muka yi kuskure malamai su gyara mana.