Hakkin Masu Ɗigon Shan Inna

Ran 25 ga Agusta na shekarar 2020 aka yi shela cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Manya sun sha yabo, amma waɗanda suka taka ƙasa a Dingyaɗi da ƙauyukan Boɗinga da Shagari galibinsu mata ne, domin su ke iya shiga gidajen kulle.

Aikinsu bin gida gida cikin rana, da akwatin sanyi a kafaɗa. Su ɗiga wa yaron da bai kai shekara 5 ba ɗigo 2, su shafa masa tawada a yatsa, su sa alama da alli a bango. A da akan rufe musu ƙofa saboda zargi. Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa a 2009, hakimai da masu unguwa suka shiga gaba, ƙofofi suka buɗe. Amfanin shugaba ke nan.

Saura batun lada. Ba su da albashin wata, sai kuɗin kwanakin aiki, kuma kukansu shi ne jinkirin biya. Malamai sun sani ijara ba ta inganta sai an ambaci lada, fatake kuma sun sani ɗan dakon da aka ja wa rai ba ya dawowa gobe. Wanda aka ba amanar kuɗinsu ya ji tsoron Allah.